Allura Uku Cikin Kwana Goma

Wata goma sha tara na yi a Alƙahira, na dawo Kaduna da jakar da na tafi da ita, sai dai zif ɗinta ya mutu na ɗaure ta da igiya. A Kurmin Mashi kowa ya kawo nasa dalilin dawowata. Wasu sun ce sata na yi aka koro ni, wasu sun ce mace ce, wata maƙwabciyarmu kuma ta rantse ɗan ƙanwarta ya gan ni ina bara a tasha. Ban musa wa kowa ba. Ba haƙuri ne ya yi mini yawa ba, maganar ce ba tawa ni kaɗai ba, akwai kan wani bawan Allah a ciki. Bana mai kan ya ba ni izini in rubuta, da sharaɗin in sauya masa suna da sana'a. Saboda haka zan kira shi Alhaji Bala mai atamfa, ko da yake ba Bala ne sunansa ba, kuma bai taɓa auna yadi ko ɗaya ba a rayuwarsa.

Sunana Habibu. Gidanmu wanzamai ne tun kakanni. Babana har yau yana rataya zabirarsa ya bi manyan 'yan kasuwa a Babbar Kasuwa, ya yi musu aski da gyaran fuska, wanda jini ya dama kuma ya same shi a gida ya yi masa ƙaho. Mutum ne marar yawan magana. Dokokinsa biyu ne kacal, kuma da su muka tashi. Ta farko, abin da ka gani bayan mutum ya cire maka hularsa, a nan za ka bar shi. Ta biyu, ba a mayar da ƙaho inda aka yi tsaga sai wata ya zagayo, ko da mai jikin zai yi kuka. Ni dai ban so zabira ba. Na yi makarantar koyon aikin lafiya, na iya ɗibar jini da aikin ɗakin gwaji, na ga abin da ya rage mini shi ne digiri daga ƙasar waje da farar riga mai sunana a ƙirji.

Jami'ar da dillalin karatu ya samo mini ɗaki uku ce a hawa na huɗu, a saman shagon masu facin taya. Na hau da jakata a ka saboda lif ɗin ba ya aiki. Matar da ke teburin gaba ta karɓi takardata mai tambarin zinariya, ta duba gaba ta duba baya, ta ce takardar gaskiya ce, sai dai ta kwas ɗin Larabci ce na wata uku. Na ce mata ai kimiyyar ɗakin gwaji na zo karanta. Ta ce ni ne na huɗu da ya zo mata da wannan magana daga hannun mutumin nan, sannan ta tambaye ni ko ina shan shayi da sukari. Na sha shayin. Na kira lambar dillalin a tsaye a kan matakala, wata murya ta ce a sake gwadawa nan gaba. Na yi mako biyu ina gwadawa, don kada a ce ban bi umarni ba.

Na yi kwas ɗin, tun da ba ni da wani wurin zuwa da safe. Larabcin Islamiyya da na taho da shi yana ba masu shago dariya. Wani mai burodi ya ce ina magana kamar mai huɗuba, har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji yadda nake tambayar hanya. Wata uku suka cika, bizata ta ƙare tare da su. Daga ranar na koyi tafiya irin ta marar takarda: ba ka gudu, ba ka tsayawa, in ka hango 'yan sanda a bakin gada sai ka tuna kana da abin saye a shagon da ya fi kusa.

Mu shida ne a ɗaki ɗaya, 'yan Cadi uku, 'yan Nijar biyu, sai ni. Aikina na farko wanke tukwane ne a gidan abincin wata Basudaniya da kowa ke kira Ummu Usman. Mace ce mai faɗa, ko cokali ya faɗi sai ta ambaci iyayenka. Amma ran Juma'ar farko da na yi a wurinta, ta zubo mini tuwonsu na dawa da miyar busasshiyar kuɓewa ta ajiye a kan buhun albasa. Na kai loma ɗaya baki, sai ga tsakar gidanmu gaba ɗaya, da Inna a bakin murhu da ƙarar Baba yana wasa aska a zaure. Kewar gida ta kama ni, na juya fuskata ga bango na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ummu Usman ta ɗauko ludayi. Ta ƙaro miya, ta ce in na gama akwai tukunyar wake tana jirana.

A sanin mutanen gida kuwa karatu nake yi. In Inna ta tambaya a waya sai in ce alhamdu lillahi, wanda in an bi ta ƙa'ida ba ƙarya ba ne. Baba ba ya tambayar karatu. In an miƙa masa wayar, bayan gaisuwa magana ɗaya ce.

“Kana taɓa aska kuwa?”

“Baba, ai karatu na zo.”

“To. Allah ya taimaka.”

Gaskiyar ita ce ina taɓawa. Duk safiyar Juma'a nakan hau rufin bene da reza da kujerar roba in aske abokan ɗakina. Mu a gidanmu ba ma zagaye ƙeya yadda masu kilifa ke yi. Layi muke ja miƙaƙƙe, sannan mu ɗan karya shi a bayan kowane kunne. Haka kakana ya koya wa Baba, haka hannuna ya riƙe ba tare da na roƙe shi ba. Ɗaya daga cikin 'yan Cadin, Mahamat, direba ne da ke ɗauko baƙi daga filin jirgi ya kai su wani asibitin gashi. Ina cikin gyara masa gemu ya ce suna neman wanda ya iya ɗibar jini kuma yana jin Hausa, domin 'yan Najeriya sun fara yi musu yawa.

Asibitin yana unguwar masu hali, da ƙofar gilashi da hotunan kawunan mutane a bango, kowane kai sau biyu, ɗaya fili ɗaya daji. Mai tafiyar da shi, Ustaz Magdi, ba likita ba ne, amma ya fi likitocin ƙamshi da iya magana. Ya naɗe hannun rigarsa ya ce in ɗebi jininsa. Na ɗiba bai ji shigar allurar ba. Nan take ya ɗauke ni, ya karɓi fasfona ya ce zai nema mini izinin zama da aiki, abin zai ɗauki watanni amma zai fito. Ranar na taka titi ban waiwaya ba. An ba ni farar riga, babu suna a ƙirjinta.

Aikin da aka fi zuwa yi shi ne allurar ruwan jini, wadda suke taƙaita sunanta da PRP. Nakan ɗebi jinin mutum daga hannu, in sa a wata na'ura mai juyawa. In ta tsaya sai ka ga jan ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. A cikin wannan ruwan ne ƙwayoyin da ke taimaka wa ciwo ya warke suke taruwa. Sai in zuƙe shi a sirinji in miƙa wa likita, ita kuma ta bi fatar kan tana tsira shi kaɗan-kaɗan inda gashi ya fara sirancewa. Abin ya ba ni dariya da farko. Mu a gidanmu jinin da aka fitar haƙa rami ake yi a binne shi, nan kuwa mayar wa mai shi ake yi yana godiya.

Likitoci uku ne, kowa da ranakunsa, ba sa haɗuwa. Wadda na fi aiki da ita Dakta Nadiya ce, dattijuwa mai tabarau a kan hanci, wadda ba ta iya yin abu ba tare da ta bayyana dalilinsa ba. Ita ta koya mini tsarin. Ta ce ita yadda take yi, sau uku ne a farko, da tazarar mako huɗu tsakanin kowace allura da mai bi mata, wani lokaci har shida. Bayan nan sai a riƙa ƙarawa sau ɗaya duk bayan wata huɗu zuwa shida, in an ga yana amfani. Ta ce fatar tana buƙatar ta huce, saiwar gashi kuma ba ta san sauri ba, kafin a ga wani canji sai an yi watanni. Ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma inda kai ya riga ya yi sumul yana ƙyalli, saiwar ta mutu, babu ruwan da zai tashe ta. Na ce mata babana ma ba ya maimaita ƙaho sai bayan wata. Ta cire tabarau ta ce in gaishe shi.

Mutanen gari haka ake yi musu. Baƙi kuwa ba sa iya zaman wata uku, kuma Ustaz Magdi ba ya son baƙo ya yi allura ɗaya ya tafi ya ƙarasa sauran a ƙasarsu. Sai ya ƙirƙiro abin da ya kira shirin baƙi: allura uku cikin kwana goma. Dabarar mai sauƙi ce. Yau a kai ka wurin wannan likita, bayan kwana uku a buɗe maka sabon kati a kai ka wurin wancan, haka har ka zagaye ukun. Kowane likita yana ganin shi ne na farko. Mutum ɗaya ne a ginin yake ganin hannun nan sau uku, da tabon allurar baya bai ɓace ba, kuma ni ne. Ni ne kuma mai fassara, don haka abin da likita ta faɗa sai ya bi ta bakina kafin ya isa kunnen Bahaushe.

Wata bakwai na yi a haka. Nakan ce wa kaina ai jininsu ne, ba guba ba ce, in ya yi tsanani kai ya kumbura ya yi tsami. Ban san allurar ta kwantar da kowa ba. Na dai san ba abin da likita ta tsara ba ne, kuma mutanen suna komawa gida suna jiran gashi a madubi. Sau ɗaya Dakta Nadiya ta tsaya da allura a hannu ta ce wannan fatar kamar an taɓa ta kwanan nan. Ustaz Magdi ya ce mutumin mai yawan susa ne. Ni kuwa na sami abin gogewa a jikin na'ura. A ƙarshen wata na bakwai Ustaz Magdi ya nuna mini rasit na gaske daga ofishin baƙi, da ranar da zan je a ɗauki zanen yatsuna. Abin da ya rage kawai wasiƙarsa ce ta cewa ni ma'aikacinsa ne, ya ce zai ba ni ran da zan tafi.

Saura kwana goma sha biyu ranar ta cika, ran wata Laraba, Mahamat ya shigo da baƙo cikin babbar riga da hula ƙube da aka kafa har gira. Ina ɗaga kai na ga Alhaji Bala. Tun ina riƙe wa Baba kwanon ruwan aski na san shi. Na durƙusa na gaishe shi kafin in tuna ina cikin farar riga.

“Kai! Ba Habibu ba ne na gidan Wanzam?”

“Ni ne, Baba Alhaji. An zo lafiya?”

“Ba karatu aka ce kana yi ba?”

“Eh to, wannan ma wani ɓangare ne na karatun.”

Ya dube ni, ya dubi hotunan kawunan da ke bango. “Ni ma ido na zo a duba mini,” in ji shi. Kowa ya san abin da ya kama na ɗan'uwansa.

Bai cire hular ba sai da na murɗa makullin ɗakin ɗibar jini. Tsakiyar kan fili ne fetal yana ƙyalli, gefe da gefe kuma gashi ne siriri mai furfura. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa shekara ashirin Baba ba ya aske shi a gaban rumfa kamar kowa, sai a cikin sito an turo ƙofa, ni kuma a ce in jira a waje. Ina ɗaure masa hannu yana ba ni labari. Maƙwabcin rumfarsa, Malam Sule, sanƙo ya kama shi tun yana saurayi, Alhaji kuwa shi ya laƙaba masa suna Madubi. Sunan ya bi shi har 'ya'yansa ana ce musu 'ya'yan Madubi. Bana su biyun sun biya kujerar Hajji tare, masauki ɗaya, saura mako bakwai a tashi. Mai harami kuma ba ya rufe kai.

“Baba Alhaji, ai sai ka aske shi tas kafin a tafi. Wa zai gane?”

“Kai ɗan wanzami ne kake wannan magana? Askakken kai daban, sanƙo daban. Kwana biyu gefe zai tsiro ya bar tsakiya tana haska Mina. Sule kuwa shekara ashirin yana jiran wannan rana bai sani ba.”

Dakta Nadiya ce ta yi masa ta farko. Ta duba kan da kyau, ta faɗa da Larabci cewa tsakiyar ba za ta dawo ba, gefen ne ake sa ran zai ɗan yi kauri, kuma ya dawo bayan mako huɗu. Ustaz Magdi yana tsaye a bakin ƙofa yana murmushi. Alhaji ya juyo gare ni.

“Me ta ce?”

“Ta ce an yi lafiya. Kada ka wanke kai yau.”

Ran Juma'a da hantsi na je masaukinsa, domin ya ce tun da Allah ya haɗa shi da hannun gidan Wanzam ba zai je masallaci da gemu a hargitse ba. Na shimfiɗa masa tawul, na jiƙa gemun, na fara. Na bar saman kan saboda allurar, na gyara gefe na ja layin ƙeya. Mutum in yana ƙarƙashin aska yakan yi magana da ido a rufe, haka shi ma ya yi.

“Habibu, gobe za a sake, ko?”

“Haka aka rubuta.”

“Wurin bai daina tsami ba. Ni abin da ke ɗaure mini kai, babanka ko ƙafarsa na kama ba ya maimaita mini ƙaho sai wata ya zagayo. Akwai shekarar da na yi fushi na ce zan nemi wani wanzamin, ya ce in nema. Su waɗannan ta yaya suke taɓa jini sau uku cikin kwana goma? Ko nasu ilimin ya wuce nan?”

Da ya tambaye ni ko maganin yana aiki, da na san abin da zan ce, na saba. Amma reza tana hannuna a bayan kunnensa, daidai inda ake karya layi, kuma sunan Baba ya kira. Na tuna rasit ɗin da ke aljihun teburin Ustaz Magdi, na ƙirga saura kwana goma. Tsoro na ji, ba wani abu mai daraja ba. Na ƙarasa layin tukuna, don ba a barin aiki rabi, sannan na gaya masa duka: mako huɗu tsakanin allura da allura, sau uku, sakamako sai bayan watanni in ma za a gani, da maganar katunan nan uku. Na ce masa ragowar biyun in yana so ana yi a Najeriya, ya nemi likitan fata ya yi a kan lokaci. Na ce masa likita ta ce tsakiyar ba za ta dawo ba, ko za a juye masa jinin jikinsa duka a kai.

Ya buɗe ido. “Wato Sule zai gani.”

“Zai gani, Baba Alhaji.”

“Ran Laraba ba haka ka fassara mini ba.”

“Ba haka ba ne.”

Ya shafa ƙeyarsa, ya ce Allah ya yi mini albarka. Na roƙe shi abu ɗaya, ya ce wa Ustaz Magdi uzuri ya taso masa daga gida, ya tafi ba tare da ya ambace ni ba. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ba yaro ba ne, ya san yadda ake magana da manya.

Ya san yadda ake yi a Babbar Kasuwa. A can in ka sami yaron wani da amana, ba ka tafiya sai ka tsaya gaban maigidansa ka yabe shi da babbar murya, don a san darajarsa a ƙara riƙe shi da kyau. Rashin yin haka rowa ce. Ran Asabar Alhaji ya shigo da sabuwar shadda, ya zauna gaban Ustaz Magdi, ya fara da Larabcinsa na cinikin Makka cewa uzuri ya taso, zai koma gida. Har nan lafiya. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai na ga ya tsaya. Ya dawo ya dafa kafaɗata.

“Fassara masa. Ka ce wannan yaro ɗan mutunci ne, ɗan gidan amana. Ka ce da wani ne da ya bar ni na yi ta zubar da jini a banza, amma shi ya gaya mini wata-wata ake yi. Ka ce ya riƙe shi hannu biyu, irinsu sun yi ƙaranci.”

“Baba Alhaji, a bar maganar nan.”

“Kunya kake ji? Ai ba kai ka yabi kanka ba. Fassara masa!”

Bai ma jira ni ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya yana cewa “shahar, shahar,” wato wata, wata, yana nuna ni yana buga ƙirji. Ustaz Magdi ya dube ni ya ce in fassara, yana son ya ji sauran. Na fassara, kalma da kalma. A duk zamana a wurin ban taɓa yin fassara mai kyau kamar ta ranar ba.

Ustaz Magdi bai ɗaga murya ba. Ya yi wa Alhaji godiya, ya raka shi har mota. Da ya dawo ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini fasfona da rasit ɗin a ciki, ya ce in rataye rigar a bayan ƙofa. Na ce masa saura kwana tara, wasiƙar kawai nake roƙo. Ya ce wasiƙar ta ma'aikatansa ce. Alhaji da ya ji labari a bakin Mahamat ya dawo a rikice, ya yi ta ba da haƙuri yana ƙara jaddada cewa ni mai gaskiya ne, wanda shi ne ainihin laifin. Washegari ya hau jirgi. Kafin ya tafi ya riƙe hannuna ya ce, “Habibu, na cuce ka da alheri. Amma don Allah maganar zuwana nan…” Na ce masa ya san gidan da na fito.

Ran Laraba na tsaya a bakin titi na tare Dakta Nadiya kafin ta shiga, na gaya mata maganar katunan. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta gode, ta shiga. Daga baya Mahamat ya ce ta daina zuwa, ban san ko saboda haka ne ba. Ranar ɗaukar zanen yatsu ta zo ta wuce ina wanke tukwanen Ummu Usman. Na ƙara wata biyu ina neman wanda zai ba ni wasiƙa, ban samu ba. Alhaji ne ya aiko da tikiti, ban yi fulako ba na karɓa. Ummu Usman ta cusa mini ƙullin busasshiyar kuɓewa a jaka, na ce mata ai daga garin kuɓewa na fito, ta ce ba irin tata ba. A filin jirgi aka yi mini tambayoyin da ake yi wa wanda ya wuce wa'adi, aka buga mini hatimin da na san ma'anarsa.

Labarin Hajjin daga baya na ji shi a bakin Alhaji da kansa. Ya ce da suka ɗaura harami ya fito yana jiran abin da zai biyo baya. Malam Sule ya dubi kan, ya ce, “Ai na sani tun shekarar da ka koma yin alwala a cikin sito,” sannan ya matso da lemarsa suka shiga tare. Sanƙon dai ya zama labarin kasuwa na mako guda ya wuce. Amma a ce mutum ya hau jirgi har Masar saboda sanƙo, wannan kasuwa ba za ta taɓa mantawa ba, shi ya sa bakina ya ci gaba da zama a rufe ana ce mini ɓarawo.

Inna ta yi ta tambaya, na ce mata karatun ne bai yiwu ba. Baba bai tambaye ni komai ba. Kwana uku da dawowata, da safe, na same shi a zaure yana wasa aska a kan fata. Na gaishe shi na zauna, ina shirya yadda zan fara ba shi haƙuri ba tare da na taɓa sunan kowa ba. Bai ɗago ba ya fara magana.

“Akwai wani mutumina da ya ce mini zai yi tafiyar kwana goma. Ya dawo a kwana biyar, ya aiko a kira ni. Da ya cire hula na ga wuraren allura ba su gama ɓacewa ba, sahu ɗaya, ba a maimaita ba. Na juya ƙeyar na ga layi miƙaƙƙe, an karya shi a bayan kunne.”

Ya gwada kaifin askar a gashin hannunsa.

“Bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Na dawo gida na ce wa babarka ta share ɗakinka.”

Ya juya askar, ya miƙo mini ita ta wajen ƙota.